Kuɗin bincike da lokacin cuta ba sa tafiya tare

Abu na farko da aikin gudanar da binciken lafiya a ma'aikatar gwamnati ke koya wa mutum shi ne lambar da aka rubuta a kasafin kuɗi alkawari ce, kuma tsakaninta da kuɗi a hannu akwai tafiya. Majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu, amma sai daraktan tsare-tsare da bincike ya rubuta takardar neman sakin kuɗin, ta bi ta teburin babban sakatare da kwamishina, a sami amincewa, sannan ta isa ofishin babban akanta. Tun 2015 da jihar Kaduna da gwamnatin tarayya suka koma asusun bai ɗaya, babu wani asusun gefe da sashe zai taɓa kafin sakin ya zo.

Matsalar ita ce cuta ba ta jiran fayil. Zazzaɓin cizon sauro yana tashi ne da damina, ya yi ƙamari wajen Agusta da Satumba. Sanƙarau na rani ne, lokacin ƙura da zafi. Wanda ya tsara auna yawan zazzaɓi a jinin yara, kuɗinsa suka fito a Nuwamba, zai iya fita ƙauye ya ɗebi jini, amma amsar wata tambaya zai samo, ba wadda ya yi ba. Ga kuma ƙarshen shekara: kuɗin da ba a kashe ba zuwa 31 ga Disamba kan koma baitulmali, sai dai in an tsawaita wa'adin. Nan ne ake ganin an tattara ragowar an yi taron bita a otal don kada su koma. Dabarar da ta fi ita ce a raba aikin gida biyu tun a takarda: shekarar farko neman izini, sayen kaya da horaswa, shekara ta biyu fita fili.

Izini kuwa ba ɗaya ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa gindin zama a doka, kundin ƙa'idojinsa kuma tun 2007 yake. Binciken da za a yi a asibitocin jiha yana bi ta kwamitin ɗa'a na ma'aikatar lafiya, asibitocin koyarwa irin su Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da nasu. Amincewar ta wa'adi ce, ana sabunta ta duk shekara, kuma da yawa sukan manta har sai mujallar da za ta buga sakamakon ta nemi takardar. Idan za a fitar da samfurin jini ƙasar waje, akwai yarjejeniyar miƙa samfuri da dole a kammala kafin kwalba ɗaya ta bar ɗakin gwaji. Bayan wannan sai hukumar kula da lafiya a matakin farko, sai ƙaramar hukuma, sai hakimi da dagaci da mai unguwa. Wannan na ƙarshen ba ya cikin kowace doka, amma in an tsallake shi ba gidan da zai buɗe ƙofa.

Takardar neman yardar mahalarta ita ma tana cin kuɗi da lokaci fiye da yadda ake zato. A fassara ta zuwa Hausa, a ba wani daban ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. A kudancin jihar Kaduna wani wurin sai an nemi mai jin harshen Tyap ko Jju ya yi bayani da baki. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gaban shaida. A ɗauki mata cikin masu tattara bayanai, don a gidaje da dama namiji iyakarsa zaure.

Wajen lissafi aka fi yin kuskure. Ana tuna alawus, a manta man janareta, tayar mota, datar waya da kuɗin buga sakamako. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma kuɗin zuwa Birnin Gwari ko Sanga ba ɗaya ba ne da na zuwa Kawo. Wasu mazaɓun sai an tanadi madadinsu tun farko saboda tsaro, a rubuta yadda za a zaɓi madadin, kada mai tattara bayani ya zaɓa da kansa a hanya. A ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari a kan adadin mutanen da ake buƙata, saboda waɗanda za su ƙi da waɗanda ba za a tarar ba. Shekarar 2023 ta bar darasi mai zafi: an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, aka bar wa kasuwa farashin naira a Yuni, duk kasafin da aka yi a kan tsohon farashi ya karye a tsakiya, musamman na sinadaran gwaji da ake sayowa da dala. Mai rubuta kasafi yanzu ya sayi kayan waje da kason kuɗi na farko da aka saki.

Sayen ma yana da nasa tarko. Dokar sayen kayan gwamnati ta jihar, ta 2016, tana neman gasa tsakanin 'yan kwangila, abu mai kyau, sai dai in ba a rubuta siffar kaya dalla-dalla ba, mai arha ne zai ci. Arha kuwa ba ta ado. A rubuta sunan gwajin, zafin da za a ajiye shi, da mafi ƙarancin watannin da suka rage masa kafin ya lalace. A duba kwanan watan jikin kwali ranar da aka sauke kaya, kafin mai kula da sito ya sa hannu. Firjin da ke riƙe jini a ƙasa da sifili da digiri 20 yana buƙatar sola ko janareta na biyu, da takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma.

Kason kuɗi na biyu, ko na gwamnati ne ko na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ga malaman jami'a, ba ya fita sai an yi bayanin na farko. Kowane rasit, kowace takardar halartar horo mai sa hannu, a haɗa su a ranar. Direban kabukabu ba ya ba da rasit, don haka a tanadi takardar shaidar biya da zai sa wa hannu, a kuma tambayi odita, mai binciken kuɗi, tun kafin a fita ko zai karɓe ta.