Masu ajiye jarka a layi: darasi daga aikin buɗaɗɗiyar manhaja

A aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta har ya sa hannu ya gyara, babu ogan da ke raba aiki da safe. Ni ina Agege, wani yana Indiya inda agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, wata tana Kalifoniya tana barci lokacin da muke tsakiyar aiki. Abin da ke haɗa mu shi ne rajistar matsaloli. Kowace matsala a buɗe mata tikiti mai lamba, duk maganar da za a yi a kanta a nan za a yi. Tsarin ya daɗe: Mozilla ta saki Bugzilla, manhajar ajiye irin wannan rajista, tun 1998; GitHub kuma, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye aikinsu da tikitocinsu, ya zo a 2008, an gina shi kan Git, manhajar bin sawun gyare-gyare da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 saboda aikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Farkon abin da na koya shi ne kai rahoto ma sana'a ce. Wani zai rubuta "Hausa ba ta fita daidai" ya tafi abinsa. Mai kula da manhajar, wanda bai taɓa ganin harafin ƙ ba, me zai yi da wannan? Sai ka ce masa: waya kaza, sigar manhaja kaza, na rubuta "ƙofa" a wurin bincike, maimakon ƙ sai ɗan akwati ya fito, ga hoton fuskar wayar. Matsalar da bai iya maimaitawa a kwamfutarsa ba, ba zai iya gyara ta ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ajiye jarka a layin famfo su yi gaba. Mutum ya ga tikiti mai alamar cewa ya dace da sababbin shiga, ya rubuta "na ɗauka", shi ke nan, ko ɗuriyarsa. Wata biyu tikitin na nan. Masu iya gyarawa sun ga da mai shi sun wuce. A watan Oktoba, lokacin Hacktoberfest, gangamin shekara-shekara na jawo mutane su sa hannu a buɗaɗɗiyar manhaja, abin ya fi ƙamari. Uzuri kam akwai, mu a Legas mun san wuta da kuɗin data da cunkoson hanyar Yaba zuwa gida. Sai dai babu wanda ya taɓa jin haushin mai dawowa ya rubuta "ban samu sarari ba, ga inda na tsaya, wani ya ɗauka."

Haka shawarar da aka yanke a WhatsApp ko a wurin mai shayi. In ba a dawo an rubuta ta a tikitin ba, ɗan Indiya ya wayi gari yana aiki kan abin da aka riga aka soke.

Kwanaki ƙanena ya ce, "Yaya, na gama gyaran, wa zan kira ya rufe tikitin?" Na ce ba sai ya kira kowa ba, ya sa kalmar Fixes da lambar tikitin a bayanin gyaransa, da zarar an karɓi gyaran, GitHub da kansa zai rufe shi.