Mutum nawa ne a sama yanzun nan?

Shekaranjiya na dawo, har yanzu kunnena bai gama buɗewa ba amma gara in rubuta tun da zafinsa. Kuala Lumpur babban birnin Malesiya na je, muka yada zango a Dubai na awa shida, kuma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai wani lissafi ne da muka yi da wani dattijo a wajen jira.

Tun cikin dare muna sama na leƙa taga, duhu ko tafin hannu ba ka gani, sai ga wata 'yar jar wuta tana ƙyaf-ƙyaf can nesa, kafin in ankara ta wuce kamar kibiya. Ashe wani jirgin ne. Ba a yi minti goma ba ga wani kuma a ƙasa da mu, ni da nake zaton mu kaɗai ne a sararin Allah, jikina ya yi sanyi.

A Dubai wayata ta mutu, ina ta kewaye-kewaye, dattijon nan da ya ji ina ƙorafi da Hausa ya miƙo min cajarsa ko tambaya ban yi ba, har da matsa min kujera. Na ba shi labarin wutar da na gani, ya yi murmushi ya buɗe manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 a wayarsa. Taswirar duniya ce, amma Turai da Amurka da gabashin Sin sun ɓace ƙarƙashin ƙananan jirage masu ruwan ɗorawa, kamar tururuwa ta samu suga. Na ce Baba duk waɗannan suna sama? Ya ce yanzun nan kuwa ɗana, kowanne yana aiko da inda yake ta wata na'ura da ake kira ADS-B. Na ce to mutum nawa ke nan?

Sai ya juya bayan katin shiga jirginsa ya zaro biro. A 2019 jiragen fasinja sun ɗauki mutum wajen biliyan 4.5, ya ce raba da 365, na raba a waya, miliyan 12 da ɗoriya kowace rana. Ya ce idan ka haɗa dogayen tafiye-tafiye da gajeru, kowane fasinja yana yin kamar awa 2 da wani abu a sama, awa 2 kuwa kashi ɗaya ne cikin 12 na kwana. Miliyan 12 raba 12. Miliyan guda, ko ma fiye. Sai da na sake dannawa don ban yarda ba.

Na ɗan yi gardama, na ce Baba ai ni awa 7 zan yi nan gaba, kuma ga jirgin A380 mai hawa biyu can ta gilashi, yana cin mutum wajen 500. Ya ce irinsa kaɗan ne, mafi yawa Boeing 737 ne da A320 masu kujera 150 zuwa 190, tsallen awa ɗaya ko biyu suke. Kuma wai bai saka matuƙa da ma'aikatan ciki ba, balle jiragen kaya da na soja. Adadin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya nuna min tekun Atlantika, da dare jirage ke jerowa daga Amurka zuwa Turai, da rana su juya. A 2020 lokacin korona fasinjan shekarar gaba ɗaya sun faɗo zuwa kamar biliyan 1.8, ya ce taswirar nan har tausayi ta ba shi.

Abin nan ya shige ni sosai. Birni guda cur, da jarirai da tsofaffi da masu barci da masu addu'a, yana rataye kilomita 10 zuwa 12 sama da ƙasa dare da rana, wasu na sauka wasu na hawa. Sai dai cikin miliyan ɗin nan akwai marasa tarbiyya fa, wanda ke gabana ya kwantar da kujerarsa kan gwiwata awa 7 ko waiwaye babu, taya na taɓa ƙasa kuma ya miƙe yana ture mutane tun ba a kashe fitilar bel ba.

Kuala Lumpur zafi da ruwan sama, kwana biyar na yi na gama abin da ya kai ni. A dawowa na nemi kujerar taga, na ƙirga jirage 9 kafin barci ya kwashe ni. Dattijon kuwa Jakarta ya nufa, katin da muka yi lissafi a kai ya tafi da shi, hoto kawai na ɗauka.