Ɓerayen Gordon da maganar rage ƙiba

Kwanakin baya wata 'yar'uwata ta turo mini tallar wasu ƙwayoyi masu ɗauke da bakteriya, wai suna narkar da teɓa cikin wata guda kuma kimiyya ta tabbatar. Sai na tuna binciken da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ɗakin binciken Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka ya wallafa a mujallar Science a shekarar 2013.

Masu binciken sun samo mata tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka ɗebi bakteriyar hanjinsu suka dasa wa ɓerayen da aka raina ba tare da wata ƙwayar bakteriya a jikinsu ba. Ɓerayen da suka karɓi ta masu ƙiba sun fi tara kitse. Aikin yana da kyau, ban musa ba, amma tagwayen biyu-biyu huɗu ne kacal, kuma ɓera ba mutum ba ne.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, da aka haɗa ɓerayen a keji ɗaya, inda suke cin kashin junansu, bakteriyar siraran ta hana sauran ƙiba ne kawai lokacin da ake ciyar da su abinci mai ganye da 'ya'yan itatuwa. Waɗanda aka ba su mai maiƙo kuwa, ba su sami wannan kariyar ba.

Na tambayi 'yar'uwar tawa ko kwalbar ta ambaci gwajin da aka yi a kan mutane. Ta duba gaba da baya, ba ta ga komai ba sai farashi.