Jirgin da ya tashi babu titi

Yau na ci karo da wani tsohon bidiyo na 1958, har yanzu abin bai fita raina ba. Sojojin saman Amurka ne suka ɗora jirgin yaƙi ƙirar F-100 a kan tirela, suka maƙala masa ƙatuwar roka a ƙarƙashinsa. Wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ka ce kwabo jirgi yana sama, rokar ta saki ta faɗo. Da mutum a ciki fa!

Dalilinsu, in yaƙin nukiliya ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet, filayen jirage za a fara ragargazawa. To, tashi dai an samu. Ni abin da ya tsaya mini a rai, bawan Allahn nan in ya gama aiki ya juyo, ina zai sauka?