Koren Hajiya

Laraba. Da fara'ata na tashi, don jiya da dare na kammala manhajar da ke fitar da sakamakon ɗalibai a PDF, na tura. Ko shayi ban ƙarasa ba sai ga kiran Hajiya.

"Yarona, wannan ba koren makarantarmu ba ne."

Na ce, "Hajiya, shi ne. Daga tambarinku na ɗauko shi."

"To duba shafin farko, ka duba na biyu. Na biyun kore shar, na farkon kuwa kamar atamfar da ta sha wanki."

Na buɗe a Chrome, duk iri ɗaya. Oga ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Rabu da ita, idon manya ne." Ni dai na san Hajiya ba ta magana a banza, sai na tambayi da me take buɗewa. Ashe Adobe Reader ne a kwamfutar ofishinta. Ina buɗewa a can, ga shi ƙiri-ƙiri, shafin farko ya dushe gaba ɗaya, har shuɗin layukan.

Tambarin ne sila. Hoton PNG ne mai baya shara-shara, kuma a shafin farko kaɗai yake. Tun PDF 1.4 na shekarar 2001 ake iya sa irin wannan hoto, amma sai fayil ya faɗi tsarin launin da za a gauraya shafin da shi. In ya yi shiru, Adobe kan koma CMYK, launukan tawada, ya ja duk shafin can. Kore mai haske irin na RGB, launukan fuskar kwamfuta, kuwa tawada ba ta kai shi. A iText, kayan aikin da manhajata ke haɗa PDF da shi, layi ɗaya ne maganin, setRgbTransparencyBlending(true), a sa shi a cikin manhajar kafin ta fara rubuta fayil ɗin. Na sa, na sake turawa. Ta ce, "Yauwa! Allah ya yi maka albarka."

Ɗan waken rana ya huce kafin in waiwaye shi. Auta ya sake tafiya da cajata.

Tun la'asar kuma raina ba daɗi. Ranar Asabar za ta kai fayil ɗin wurin masu buga takardu, su kuma tawada huɗu ce a injinsu. Abin da na gyara na fuskar kwamfuta ne kawai. A kan takarda koren nan zai sake dushewa, kuma ni za ta kira. Ta yaya zan ce wa dattijuwar da ta ga abin da mu biyu ba mu gani ba, wai wannan karon ta haƙura? Oga ya ce ba a cikin kwangilarmu yake ba. Haka ne, amma maganar tasa ta safe har yanzu tana ci na.

Gobe zan biya wurin masu bugun, su fitar mini da shafi ɗaya na gwaji in kai mata kafin ta biya kuɗin sauran.