Darussan da na koya daga rubuta kundi a kan jihar Bahia

Tun da an riga an sa wa kundina na digiri na biyu hannu, kuma ba ni da sauran wata takarda da nake jira daga sashen tarihi, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Aikina a kan Hausawan da aka kai bauta jihar Bahia ta ƙasar Brazil ne, kuma mafi yawan abin da na koya ya fito ne daga saɓanin da ya shiga tsakanina da malamin da ke duba aikin a kan babi na biyu.

Wannan babi bayanin ƙasar kanta ya ƙunsa. Bahia tana arewa maso gabashin Brazil, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 565,000, wato ta haura rabin Nijeriya, kuma babu jihar da ta kai ta tsawon gaɓar teku a ƙasar. A gaɓarta ta kudu, wajen Porto Seguro, jiragen Cabral, jagoran ayarin jiragen ruwan Fotugal, suka tsaya a 1500, sannan a 1549 aka kafa Salvador, wanda ya kasance hedikwatar mulkin Turawan Fotugal a Brazil har 1763 da aka mayar da ita Rio de Janeiro. Mafi yawan jihar cikin tudu ne, dajin ƙaya da fari da kiwon shanu wanda kogin São Francisco ya ratsa, irin wanda mutumin Sahel ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Sai dai tarihin da ya shafe mu a wani ɗan yanki ya tattaru, wato Recôncavo, ƙasar da ta kewaye mashigin tekun da Salvador ke bakinsa.

Hujjar da na gina babin a kanta ita ce, ƙasar Recôncavo iri biyu ce. Inda ake da baƙar laka mai nauyi rake ake nomawa, shi ne kuma ya riƙa cin rayukan bayi. Inda ƙasar ta fi yashi, wajen garin Cachoeira a bakin kogin Paraguaçu, taba ake nomawa, kuma tabar da ba ta kai darajar a kai ta Lisbon ba ita ake shafa wa zumar rake a naɗe, a yi da ita Wida da Porto-Novo da Legas a gaɓar Afirka ta Yamma, inda fataken bayi suka fi son ta a kan ta ko'ina. Wannan ne ya sa jiragen Bahia suka saba da wannan gaɓar, alhali na Rio sun fi karkata Angola da Kwango. Saboda haka da yaƙe-yaƙen jihadi suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804, aka riƙa gangarawa kudu da kamammu daga ɓangarorin biyu, waɗanda aka ƙetarar da su teku galibinsu a Bahia suka sauka.

Farfesa ya ja jan biro a kan babin daga farko har ƙarshe, ya rubuta a gefe cewa nan sashen tarihi ne, ba na labarin ƙasa ba. Abin da yake so shi ne in gina kundin gaba ɗaya a kan cewa tawayen bayi Musulmi da aka yi a Salvador a watan Janairun 1835 jihadin Hausawa ne, ci gaban na Shehu Usman ɗan Fodiyo a hayin teku. Adalci ne in faɗi cewa ba shi ya ƙirƙiro wannan ra'ayi ba, domin Nina Rodrigues, likitan Bahia da ya mutu a 1906, ya tafi a kan irinsa, kuma magana ce mai daɗin ji ga Bahaushe. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bayanan shari'ar da aka yi wa mutanen ba su nuna haka ba." Amsar da ya ba ni ita ce, tun ban shiga firamare ba yake koyar da tarihin jihadi. Daga ranar kundina ya kwanta a teburinsa, har waɗanda muka shigo tare suka kare nasu suka tafi.

Abin da bayanan suka nuna bai rage wa Hausawa komai ba. Su ne suka ƙulla shirin tawayen da aka tona a Salvador a watan Mayun 1807, su ne kuma a gaba a tawayen da ya tashi daga wuraren kamun kifi na Itapuã a Fabrairun 1814. Amma kafin 1835 abubuwa sun sauya, domin rushewar daular Oyo ta cika jiragen da Yarabawa, waɗanda a Bahia ake kira Nagô, kuma su ne mafi rinjaye a cikin kimanin mutum 600 da suka fito a daren 24 ga Janairu, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Akwai Bahaushe a cikin malaman da aka kama, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, 'yantacce mai sayar da taba, kamar yadda akwai Banufe, Luís Sanim. Hatta yadda aka murƙushe tawayen sai da taswira ake gane shi: Salvador a kan tsinin ƙasa yake, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, kuma hanyar fita zuwa gonakin rake, inda suke sa ran samun ƙarin mutane, ta bi ta gaban barikin sojan doki a Água de Meninos. A nan aka tare su tsakanin dawakai da teku, kuma kimanin 70 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Daga ƙarshe an yi sulhu irin wanda kowa a sashen ya sani. Na matse babin ya koma 'yan shafuka a cikin gabatarwa, shi kuma ya ƙyale ni da matsayina a kan 1835, bisa sharaɗin in kawo ɗaya ra'ayin da cikakken girmamawa. A ranar kare kundi, tambayar farko da mai jarrabawa daga waje ya yi mini ita ce, me ya sa Hausawa suka taru a Bahia ba a Rio ba, kuma me ya sa wannan bayani ya zo a taƙaice haka. Kafin in buɗe baki Farfesa ya ce ai ya sha gaya mini in faɗaɗa wannan wurin. Na amsa tambayar daga babin da aka cire, ban kuma dubi inda yake zaune ba.

Shawarata ga masu zuwa ba ta da yawa. Duk kwafin da aka yi maka gyara a kai da biro ka adana shi da kwanan watansa, ko da ba za ka taɓa nuna wa kowa ba. Nawa suna nan. Ka koyi karanta Fotugis kafin ka zaɓi batun Brazil, domin abin da aka fassara zuwa Turanci kaɗan ne daga abin da aka rubuta. Ka yi hattara da Francis de Castelnau, jakadan Faransa a Bahia da ya buga hirarrakinsa da bayi Hausawa a 1851, domin sunayen garuruwa da hanyoyin da suka faɗa masa suna da amfani, amma shi hankalinsa yana kan neman labarin mutane masu wutsiya. Kafin ka amince da wanda zai duba aikinka kuma, ka tambayi ɗalibansa da suka riga suka karɓi sakamakonsu, kada ka tambayi waɗanda ke hannunsa.

Cikakken babin na biyu, yadda na fara rubuta shi da taswirorinsa, na aika wa wata mujallar nazari da sunana ni kaɗai, digiri na uku kuwa a wata jami'ar zan nema.