Abin da na koya daga kundin da aka yanke wa rabi

An sa hannu a kundina na digiri na biyu, don haka yanzu bakina ya buɗe.

Na yi aiki ne a kan littafin Taylor Jenkins Reid na 2017, The Seven Husbands of Evelyn Hugo. Labarin tauraruwar Hollywood ne 'yar asalin Kuba, wadda ta sauya suna daga Herrera zuwa Hugo, ta rina gashi, ta yi aure bakwai, alhali zuciyarta na wajen abokiyar sana'arta Celia St. James. Supabaizana ya amince da taken ba gardama. Sai da babi na uku, wanda na yi kan soyayyar Evelyn da Celia, ya isa teburinsa ya kira ni ofis, kuma ina kyautata zaton ranar ya fara buɗe littafin.

"Yarinya, cire matar nan. Tsaya kan shahara da aure bakwai ɗin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, nazari nake yi, ba talla ba." Na nuna masa cewa in aka cire Celia, auren Evelyn da mawaƙi Mick Riva a Las Vegas ba shi da dalili, don toshe bakin 'yan jarida aka yi shi. Aurenta da furodusa Harry Cameron ma rufin asiri ne gare ta da shi, tunda shi maza yake so. Kuma marubuciyar ba daga sama ta tsinto wannan ba: a 1955 tauraron Hollywood Rock Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar wakilinsa Henry Willson, lokacin da mujallar Confidential ke shinshinar sirrinsa na son maza. Ita kanta Evelyn ta kwaɓi 'yar jarida Monique da ta kira ta 'yar maɗigo, domin maza da mata duk ta so.

Ya ce mai jarrabawa na waje ba zai lamunta ba. Babin ya tafi.

Ranar kare kundi, tambayar farko da mai jarrabawar ya yi ita ce me ya sa Evelyn ta auri Harry. Na waiga wajen Dakta, yana latsa waya. A rahoto aka rubuta cewa nazarin bai yi zurfi ba, kuma ni kaɗai na ɗauki wannan kaya.

Masu tasowa, ku tabbata malami ya karanta littafin kafin ya sa hannu a take. Duk gyaran da ya ba ku da baki, ku nemi ya rubuta. Kada ku goge abin da aka sa ku cire.

Makon jiya Dakta ya turo saƙo, wai mu fitar da maƙala daga sashen da na yi kan yadda kamfanin fim na Columbia ya mayar da Margarita Cansino ta zama tauraruwa Rita Hayworth, sunansa a gaba. Na karanta, ban amsa ba tukuna.